Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Likitoci, Ma'aikatan Jinya da Masu Harhaɗa Magunguna da Ke Duba Masu Ciwon Sukari

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wasu abubuwa da ke shiga jikin marasa lafiyarku kullum ba tare da sun bi ta hannunku ba. Ina nufin ƙwayoyin ƙarin sinadarai, su man kifi, kafson kirfa, bitamin iri-iri, maganiziyam, kuromiyam, barberin da ake cirowa daga tsiro, da garin ganyaye da saiwoyi da ake ɗurawa a roba a liƙa mata takarda mai cewa tana daidaita sukari ko tana narkar da kitsen jini. Mai ciwon sukari yana shan abin da kuka rubuta masa, yana shan waɗannan a gefe, kuma sau da yawa ba ya gaya muku. Wani ba a taɓa tambayarsa ba. Wani kuwa ya taɓa faɗa, aka ɗaure masa fuska aka ce ya daina ɓata kuɗinsa, daga ranar ya ja bakinsa ya yi gum, amma bai daina sha ba.

Amsa biyu ce marasa lafiya suka fi samu idan sun yi ƙarfin halin tambaya. Ko a ce musu duk tarkace ne, ko a ce su sha abinsu ba komai, ai ba magani ba ne. Duka biyun suna da sauƙin faɗa ga mutumin da layi ke jiransa a ƙofa, kuma duka biyun ba daidai ba ne. A cikin waɗannan kayan akwai masu ɗan motsa sukari ko kitsen jini da gaske, akwai waɗanda ba sa yin komai, akwai masu cutarwa, akwai ma masu sa na'urar gwaji ta yi muku ƙarya. Mai sayarwa ba zai rarrabe wa mara lafiya su ba, domin ba ribarsa ba ce. Idan ku ma kuka ƙi, to an bar shi da mai talla, shi kuwa mai talla ba ya gajiya da bayani. A ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon. Kasuwa ce babba, kuma masu ita sun san haka.

Kun fi ni sanin dalilin da ya sa maganar kitse ba ta rabuwa da maganar sukari, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in faɗa saboda sauran masu karatu. Idan jiki ya daina jin kiran insulin yadda ya kamata, ma'ajiyar kitse takan riƙa sakin maiƙo cikin jini fiye da kima, hanta ta kwashe shi ta mayar da shi tiraigilisarid, wato wani nau'in kitsen jini, ta sake turowa. Sai ka ga tiraigilisarid ya hau, kolesterol mai amfani na HDL ya sauka, ƙwayoyin LDL, wato kolesterol mai cutarwa, kuma sun zama ƙanana masu saurin maƙalewa a bangon jijiya. Shi ya sa abin da ya fi kashe mai ciwon sukari nau'i na biyu shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Lambar da ke fitowa a takardar gwaji alama ce kawai. Abin da mutum yake gudu shi ne makanta, wankin ƙoda, yanke ƙafa da faɗuwa farat ɗaya. Duk wata ƙwaya da za a yi maganarta, tambaya biyu ce a kanta: ta motsa lambar? In ta motsa, an taɓa nuna cewa ta rage waɗancan masifu? Masu talla a tambayar farko suke tsayawa, domin ta biyun ce ke tona asiri.

Man kifi ya fi komai nuna wannan, don haka zan daɗe a kansa. Ba gardama, sinadaran omega-3 da ke cikinsa suna rage tiraigilisarid. Idan an sha giram 4 a rana, raguwar takan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Sukari kuwa ba su cika taɓa shi ba. Amma kafson da mutane ke saya yawanci giram 1 ne, kuma ainihin omega-3 ɗin da ke ciki bai ma kai haka ba a yawancin kwalabe. A Birtaniya an yi gwajin ASCEND, wanda aka wallafa a 2018, da masu ciwon sukari 15,480 da ba su taɓa samun ciwon zuciya ba. Rabi aka ba su giram 1 na omega-3 kullum, rabi aka ba su kafson man zaitun, aka bi su sama da shekara 7. Waɗanda suka samu babbar matsalar jijiyoyin jini kashi 8.9 ne a ɓangaren man kifi, kashi 9.2 a ɗaya ɓangaren. Wato shekara bakwai na haɗiyar kafso ba ta haifar da bambancin da za a kama a riƙe ba.

A shekarar dai aka bayyana sakamakon REDUCE-IT, kuma shi ne masu talla ke ɗagawa. Mutane 8,179 da ke shan sitatin, wato maganin rage kolesterol, amma tiraigilisarid ɗinsu bai sauka ba, fiye da rabinsu masu ciwon sukari, aka ba rabinsu giram 4 na tataccen EPA, wani nau'in omega-3, a rana. Matsalolin zuciya suka ragu da kashi 25 cikin ɗari. Sakamako ne mai kyau. Sai dai abin da aka sha a gwajin magani ne da likita ke rubutawa, wanda aka tace aka auna, ya sha bamban da kwalbar kanti. Kuma masana sun yi ta ja-in-ja a kan man ma'adinan da aka bai wa ɗaya rukunin, saboda LDL ɗinsu ya ɗan hau, abin da zai iya sa maganin ya yi kama da ya fi ƙarfinsa. Da aka zo gwajin STRENGTH da mutane 13,078, aka haɗa EPA da DHA, wanda shi ma omega-3 ne, giram 4 aka gwada da man masara, dakatar da shi aka yi a 2020 saboda babu alamar amfani. Tiraigilisarid ya sauka, zuciya ba ta tsira ba, kuma an samu ƙaruwar rikicewar bugun zuciya a masu shan omega-3 ɗin. Wannan labarin gaba ɗaya ba zai ɗauke ku minti biyu ba a gaban mara lafiya, kuma ya fi masa amfani da kalmar "tarkace".

Nayasin, wato bitamin B3, ya fi man kifi ba da kunya. Shekara da shekaru ana yaba shi saboda yana ɗaga HDL, yana sauke tiraigilisarid da LDL, takardar gwaji ta fito tas. Sai gwajin AIM-HIGH a 2011 da HPS2-THRIVE a 2014, na biyun da mutane 25,673, suka nuna cewa ƙara shi a kan sitatin bai rage bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Ga masu ciwon sukari ma ɓarna ya yi, domin ya dagula musu sukari har wasu suka kwanta asibiti, waɗanda ba su da ciwon kuma ya ƙara musu haɗarin kamuwa. Gyara lamba irin wannan tamkar mai mota ne ya tura allurar ma'aunin fetur da yatsa zuwa sama ya ce tanki ya cika. Har yau ana sayar da nayasin mai yawa a kanti da sunan lafiyar zuciya, kuma mai ciwon sukari zai iya ɗauka ba wanda ya ce masa kanzil.

Sai kirfa, wadda ta fi kowa suna. Asalin shahararta wani ƙaramin bincike ne da aka yi a Fakistan aka wallafa a 2003, da mutum 60 kacal, aka ba su giram 1 ko 3 ko 6 a rana na kwana 40, aka ruwaito cewa sukarin safe ya sauka da kashi 18 zuwa 29 cikin ɗari, kitsen jini ma ya sauka. Labarin ya zaga duniya. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka rarrabu, wasu sun ga ɗan sauƙi a sukarin safe, wasu ba su ga komai ba. A 2012 masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaji 10 masu mutane 577, suka ce hujjar ba ta isa a ba da shawarar shan kirfa don ciwon sukari ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, bai cika motsawa yadda za a dogara da shi ba. Kuma kirfar da aka fi sayarwa, nau'in kasiya, tana ɗauke da kumarin, wanda ke iya taɓa hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Barbaɗa kirfa don ƙamshi ba ya kai nan, amma mai haɗiyar kafso safe da yamma wata da watanni, ga sitatin, ga hanta mai kitse kamar yadda ake yawan samu a masu ciwon sukari, ya cancanci a faɗa masa.

Kuromiyam ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. An daɗe ana gwada shi, sakamakon na hawa da sauka, kuma ƙarancinsa a jikin mutum abu ne da ba kasafai ake gani ba. Maganiziyam yana da ɗan abin faɗa, domin masu ciwon sukari sukan zubar da shi a fitsari, kuma wanda nasa ya yi ƙasa yakan ga ɗan sauƙi idan an cike masa. Wanda nasa ke daidai ba ya samun wani abin kirki sai gudawa, wanda ƙodarsa ta raunana kuwa zai iya taruwa masa a jini ya zama haɗari.

Bitamin D ya samu gwaji mai kyau, kuma amsar ta fito tsaka-tsaki. A gwajin D2d na Amurka, wanda aka wallafa a 2019, mutane 2,423 da ke bakin kamuwa da ciwon aka raba biyu, rabi suna shan yunit 4,000 kullum. Bayan kusan shekara biyu da rabi, 293 sun kamu a cikin masu shan bitamin, 323 a cikin masu shan ƙwayar wofi, wato wadda ba komai a cikinta. Bambancin bai kai a yanke hukunci da shi ba. Da aka haɗa shi da wasu manyan gwaji biyu a 2023, sai aka samu raguwar haɗari ta kusan kashi 15 cikin ɗari. Wannan maganar waɗanda ba su riga sun kamu ba ce. Ga wanda ciwon ya riga ya zauna masa, kuma bitamin D ɗinsa bai yi ƙasa ba, babu hujja mai ƙarfi cewa zai sauke masa HbA1c. Seleniyam kuwa juya wa masu fata baya ya yi. A wani gwaji na Amurka da aka sake nazarinsa a 2007, masu shan maikurogiram 200 a rana sun fi masu shan ƙwayar wofi kamuwa da ciwon sukari, 58 da 39 a cikin mutane 1,202. Bitamin E ma an sa masa rai, gwajin HOPE a 2000 ya nuna bai kare zuciya ba, da aka ci gaba da bin mutanen har aka ga alamar ƙaruwar gazawar zuciya a masu shansa.

Kada a ce na zo ne in rushe komai. Akwai waɗanda suke aiki, kuma abin mamaki su ne ba a cika yi wa talla ba, ƙila don ba su da tsada kuma ba su da labari mai daɗi. Ɓawon irin siliyam, wanda zare ne mai narkewa a ruwa, yakan yi kauri a cikin hanji, ya jinkirta shigar sukari cikin jini, ya kuma kama ruwan matsarmama ya fita da shi, hanta ta koma ta ɗebi kolesterol daga jini don ta sake haɗa wani. Kusan giram 10 a rana yakan sauke LDL da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma masu sukari mai yawa sun fi ganin sauƙinsa a HbA1c. Sai dai a sha da ruwa sosai, a kuma ba da tazara tsakaninsa da sauran magunguna. Sinadaran siterol na tsirrai, giram 2 a rana, su ma sukan sauke LDL da kusan kashi 10. Ƙaramin aiki ne, amma na gaske ne, kuma mara lafiya yana da haƙƙin ya ji shi daga bakinku tare da girmansa na gaskiya.

Girman nan shi ne abin da ba a faɗa. A 2022 likitoci a asibitin Cleveland Clinic suka yi gwajin SPORT, suka raba mutane 190 rukuni-rukuni na kwana 28. Wasu suka sha sitatin mai suna rosubastatin miligiram 5, wasu ƙwayar wofi, sauran kuma man kifi, kirfa, tafarnuwa, kurkum, siterol ko jar shinkafa mai yis. Sitatin ɗin ya sauke LDL da kusan kashi 38 cikin ɗari. A cikin guda shidan babu wanda ya fi ƙwayar wofi da wani abin a zo a gani. Gwajin gajere ne, mutanen kaɗan ne, ba masu ciwon sukari aka ware ba, kuma kamfanin da ke yin maganin ne ya ɗauki nauyinsa, duk wannan a faɗa. Amma ga abin da ke bayan sitatin: a gwajin CARDS na 2004, masu ciwon sukari 2,838, atobastatin miligiram 10 ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 37 cikin ɗari. Babu kwalbar kanti ko ɗaya da ke da shaida irin wannan. Asarar da ta fi girma ita ce mutumin da ya ajiye sitatin ko maganin sukarinsa na metfomin saboda ya samu abin da aka ce masa na halitta ne.

Kalmar nan ta halitta ita ce jarin masu talla, kuma jar shinkafa mai yis ta isa misali. Idan tana sauke kolesterol, dalilin shi ne tana ɗauke da monakolin K, wanda shi ne lobastatin sak a tsarin sinadari. Ma'ana mai shanta sitatin yake sha, sai dai bai san adadin ba, domin wata kwalbar tana da yawa, wata kusan babu. Idan kun riga kun rubuta masa sitatin, ya ninka ke nan, ga ciwon tsoka, ga nauyi a hanta. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a 2022 zuwa ƙasa da miligiram 3 a rana. A 2024 kamfanin Kobayashi na Japan ya janye kayansa na wannan shinkafar daga kasuwa bayan mutane da dama sun kwanta asibiti da ciwon ƙoda, aka kuma shiga binciken mace-mace, saboda gurɓatar da ta faru wajen haɗawa. Mai ciwon sukari da ƙodarsa ke lallaɓawa ba shi da rarar da zai yi caca da ita.

Barberin ma haka yake, yana aiki ne saboda magani ne a haƙiƙa. Ƙananan gwaje-gwaje, yawancinsu a Sin, sun nuna yana sauke sukari da LDL da tiraigilisarid, wani na 2008 har ya kamanta shi da metfomin. Gwaje-gwajen gajeru ne, babu wanda ya bi mutane shekaru ya ƙirga zuciya da ƙoda. Yana kuma danne wasu sinadaran hanta masu narkar da magunguna, sai wani maganin ya taru a jini fiye da yadda aka tsara, kamar yadda aka gani da saikulosforin, maganin danne garkuwar jiki. Bai dace da mai juna biyu ko mai shayarwa ko jariri ba. Ni ba na raina tsiro. Metfomin ɗin da kuke rubutawa kullum asalinsa daga nazarin wani tsiro ne na Turai mai suna galega, kuma likitan Faransa Jean Sterne ne ya fara gwada shi a kan masu ciwon sukari a 1957. Abin da ya ɗaga shi daga ganye zuwa magani shi ne an ware sinadarin, an auna shi, an gano wanda bai kamata ya sha ba, an kuma bi masu shansa shekaru. Barberin bai bi wannan hanyar ya gama ba tukuna.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a jikin kwalba ba. A Amurka, dokar 1994 ta bar masu yin waɗannan kaya su sa su a kasuwa ba tare da sun fara nuna wa hukuma cewa suna aiki ba, kuma ƙasashe da yawa rajista kawai suke yi musu, ba gwajin da ake yi wa magani ba. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta gargaɗi kamfanoni 15 da ke sayar da kayan da suke cewa suna maganin ciwon sukari, ta kuma ce an samu wasu da ainihin magungunan asibiti a ɓoye a ciki. A 2021 ta sake gargaɗin wasu 10. Abin da irin wannan ɓoyon ke haifarwa an gan shi a Singafo a 2008, lokacin da mutane 150 da ba su da ciwon sukari suka kwanta asibiti da mummunar faɗuwar sukari bayan sun sha kayan ƙarin kuzarin maza da aka cusa wa gilibenkilamid, wato wani maganin sauke sukari, huɗu suka rasu. To ina ga wanda ya riga yana kan insulin ko ƙwayar sauke sukari irin gilikilazid? Idan mara lafiya ya zo yana murna cewa wani gari ya sauke masa sukari cikin kwana biyu, a wurina wannan dalilin tsoro ne, domin ganye da wuya ya yi wannan saurin. Asid na alfa-lifoyik da ake sha don ciwon jijiya shi ma an danganta shi da wata cuta da ba ta da yawa, inda jiki ke ƙera garkuwa a kan insulin ɗinsa, sukari ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili. Ganyen Sen Jon da wasu ke sha don damuwa kuma akasin haka yake yi, yana hanzarta fitar da gilikilazid da simbastatin daga jiki, ku ga lamba ta hau ku ƙara magani alhali matsalar tana cikin jakar mara lafiya.

Wani ɓangaren da ya shafe ku kai tsaye shi ne gwaji. Biyotin mai yawa, wanda ake sha don gashi da farce, yana rikita gwaje-gwajen jini da dama. FDA ta yi gargaɗi a 2017 cewa zai iya sa gwajin turofonin, wanda ake gano bugun zuciya da shi, ya fito ƙasa, a sallami mai bugun zuciya a ce lafiyarsa ƙalau, kuma yana rikita gwajin maƙoƙo. Bitamin C mai yawa yana sa wasu na'urorin auna sukari da ake liƙawa a fata su nuna lamba sama da gaskiya, mutum ya ƙara insulin a kan sukarin da bai hau ba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe yakan ɗaga HbA1c, shan ƙwayarsa kuma ya sauke shi, ba tare da sukari ya canza ba. Likitan da bai san abin da mara lafiyarsa ke sha ba yana karanta takardar da ba zai iya fassara ta daidai ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙarin sinadarin da mai ciwon sukari ya fi yiwuwa ya buƙata da gaske shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba. Metfomin yana rage tsotsar bitamin B12 a hanji, kuma haɗarin yana ƙaruwa da daɗewar shansa, kamar yadda dogon bibiyar shirin rigakafin ciwon sukari na Amurka ya tabbatar a 2016. Ƙarancin B12 yana kawo sanyin ƙafa, jin kamar ana tsira allura, kasala da ƙarancin jini. Alamun nan kusan ɗaya suke da lalacewar jijiya ta ciwon sukari, don haka sai a ɗora wa sukari laifi a wuce, jijiya na ci gaba da mutuwa a kan abin da gwaji ɗaya zai gano. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka, wadda ta ce babu hujjar ba da bitamin ko ganyaye ga wanda ba shi da ƙarancin wani abu, ita ce kuma ta ce a riƙa duba B12 lokaci-lokaci ga masu shan metfomin, musamman masu ƙarancin jini ko ciwon jijiya. Rabin farko na shawarar ya yaɗu, rabin na biyu yana kwance a takarda.

Roƙona gare ku ba mai tsada ba ne. Ku sa tambayar cikin abin da ake yi wa kowane mai ciwon sukari a kowace ziyara, kamar yadda ake auna hawan jini, kuma a yi ta da fuskar da za ta sa mutum ya amsa. "Kana shan wani magani?" ba ta isa ba, domin shi a wurinsa kafson kirfa ba magani ba ne. Ku ce ya zo da duk wata kwalba da ƙunshi da yake sha, har da shayin rage ƙiba da na ƙarin kuzari, a karanta tare a rubuta a fayil ɗinsa. Masu harhaɗa magunguna, ku ne kuka fi kusa da wannan, domin sau da yawa a kan teburi ɗaya ake miƙa metfomin da kwalbar barberin, kuma ba kyau a ce hannun da ya san haɗarin ne ya karɓi kuɗin ya yi shiru.

Idan mutum ya nace sai ya gwada wani abu da ba ku ga haɗari a cikinsa ba, gara ku shiga cikin gwajin da ku bar shi ya yi a ɓoye. A ɗauki abu ɗaya tak, kada ya taɓa magungunansa, a auna HbA1c da kitsen jini kafin ya fara, a sake bayan wata uku, a duba hanta da ƙoda idan abin na buƙatar haka. Mai shan insulin ko gilikilazid ya ƙara yawan auna sukari a makonnin farko, ya san alamun faɗuwarsa, su rawar jiki, gumi, yunwa da ruɗewa. In wata uku sun cika lamba ba ta motsa ba, shi da kansa zai ajiye kwalbar ba sai kun yi masa wa'azi ba. In kuma wani ya zo muku da faɗuwar sukari ko ciwon hanta da ba ku gane kansa ba, ku karɓi kwalbar, ku rubuta sunanta da lambar rukunin da aka buga a jikinta, ku kai rahoto ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, domin da irin waɗannan rahotannin ne aka gano na Singafo da na Japan.

Allah ya ƙara muku basira da haƙuri a kan aikinku.

Wassalam.